Tazarar Yatsa Biyu

A gida, inda ka ajiye abu nan za ka tarar da shi.
A tirela kuwa komai matafiyi ne:
cokali na da inda za shi,
kwalbar gishiri na da nata nufin.

Ranar Talata, a hanyar tsakuwa
mai gangarawa kogin Big Hole,
Orval ya kauce wa barewa, taya ta faɗa rami.
Muka ji rugum a bayanmu
kamar an kayar da sa a tsakar ɗaki.
Da na buɗe ƙofa, ga maikirowe kife a ƙasa,
kusurwa ta lotse, waya miƙe kamar wutsiya,
farantin gilashinsa ya zama tsaba.
Na share, ban ce uffan ba.
Shekara uku yana cewa, "Verna, gobe zan ɗaure shi."

To, ga goben ta zo.
Mun yi zango a Dillon, bayan shagon kayan gini,
ƙanƙara na leƙowa daga kan duwatsu
ko da yake Yuni ne.
Na sayo ƙarafa huɗu masu gwiwa,
bel na ɗaure kaya, da sukurori takwas.
Mai shagon ta ce, "Ɗauki gajeru.
Bangon tirela bai fi kaurin biskit ba,
dogo zai ɓulla waje ya gai da ruwan sama."

Orval ya ɗauki injin huda.
Shekara talatin da ɗaya yana haɗa bututu a Butte,
hannun nan bai taɓa neman shawara ba.
Yau bakin injin na rawa a kan katako,
ya zame, ya dawo, ya sake zamewa,
ya bar zane kamar sawun kaza.
Na dubi taga. Shi ma ya dubi taga.
Can ya ce, "Hasken ne bai isa ba.
Karɓi, ni in riƙe miki tocila."

Na durƙusa, na cusa kai cikin kabad,
ƙamshin katako da tsohon kofi.
"Ƙwanƙwasa tukuna," in ji shi.
"Inda ya amsa da ƙarfi, fanko ne.
Inda ya yi gum, nan ƙashin yake."
Na laluba har na sami ƙashin.
Garin katako ya zubo mini a gira.
Sukurun farko ya shiga a karkace,
na biyu ya bi gaskiya,
na shida ya suɓuce ya shige ƙarƙashin firji,
yana can har yanzu, yana nasa yawon.

Na tura maikirowen ya manne da bango,
na ja bel iya ƙarfina.
"A'a. Jawo shi kaɗan.
Bar masa yatsa biyu ta baya.
Abin da ke ɗaukar zafi yana son numfashi.
In kin matse shi ba zai faɗi ba,
amma zai ƙone a tsaye."

Na auna da yatsuna, ya ce zai auna da nasa.
Sun daɗe kafin su sami wurin.
Na bar su.

Farantin da na samo a shagon gwanjo
na naɗe shi da tawul, na kwantar a durowa.
Orval ya kama akwatin ya jijjiga:
tirela duka ta yi lilo, kofuna suka yi gulma,
shi ko gezau.
"Bakwai ma sun isa," ya ce.

Da asuba makullin mota na kan tebur, tsakaninmu.
Ban taɓa ba, bai taɓa ba.
Na ɗumama masa kofi, minti ɗaya da rabi,
muna jin injin na numfashi ta baya.
Ya kurɓa, kofin na kaɗa masa haƙori.
Ya turo makullin wajena,
ba da nisa ba, kamar yatsa biyu.
"Akwai rami bayan gada," ya ce.
"Ki bi ta hagu."