Mai Laifi na Cikin Gidan Wuta

Tun bazarar bara kwamfutata take wannan kuka,
ba gurnani ba, ba kuma tari ba,
wani abu tsakanin injin markaɗe
da kabu-kabun da ya ƙi tashi a ƙofar Birni.
Ina buga wa ƴan jami'a kundinsu,
shafi ɗaya dala ashirin,
ita kuwa tana buga mini kunne kyauta.

Wata Laraba na kwance mata ciki.
Na hure, na share da tsohon burushin haƙori,
na tsinci busasshiyar wutsiyar tsaka.
Na ɗiga wa cibiyoyin fanka
man keken ɗinkin Inna, ɗigo bibbiyu.
Kwana tara ta yi ladabi.
Na goma, ana kiran assalatu,
ta dawo da muryarta har da gyara.

Sai na sa yatsa ina tsai da fankokin ɗaya bayan ɗaya,
kamar malami mai neman wanda ya yi dariya a aji.
Ba ta kan ƙwaƙwalwa ba ce.
Ba ta bayan akwati ba ce.
Mai laifi na can cikin gidan wuta,
wanda Gwani Kiyari ke kira alimantasiyo,
ya kuma ce kada in kuskura in buɗe shi:
"Kunama ce. Ko ta mutu, kar ka taɓa ƙarinta."

Rumfarsa na bayan Kasuwar Dole,
tsakanin mai gyaran agogo da mai kilishi.
Ya jera mini biyu bisa teburi.
Na farko ja wur, da zanen walƙiya,
wat ɗari takwas, jika shida kacal.
Hannuna ya tafi can ba da izinina ba.
Ya ce, "Ɗaga."
Sakayau, kamar gwangwanin madarar da yara suka lashe.
"To ɗaga wannan."
Baƙi ne, ba ado, wat ɗari huɗu da hamsin,
amma ya ja mini wuyan hannu ƙasa.

"Ƙarya ba ta da nauyi, Sabi'u.
Tagulla ce ka ji, da ƙarfen da ke shanye zafi.
Dubi fankarsa, faɗin faifai.
Babba a hankali take juyawa;
ƙarama ce ke ihu don a san tana aiki."

Muka lissafa cin injina a bayan kwalin siga:
bai kai ɗari uku ba.
Saura a bar masa wurin shan iska.
Na ƙirga haƙoran filogi, ashirin da huɗu cif.
Na taya sha uku, ya ce albarka.
Bayan shayi na biyu ya sallama sha shida.
Shafi ɗari da sittin ke nan
na rungumo a leda har Garin Malam.

Bayan isha'i na ɗaure kusa ta huɗu, na danna.
Fitila ta yi kore.
Shi ke nan.
Sai da na kai kunci kusa da raga
na ji ƴar iska, kamar numfashin jariri.
Ashe akwai gyare a ɗakin nan.
Ashe famfonmu da ya yi kwana biyar a bushe
ya soma ɗiga cikin bokiti.

Sai muryar Inna daga ƙurya,
ita da yana ta rufe wa ido shekara uku:
"Sabi'u? Fita ka yi?"
Na ce ina nan.
"To me ya sami abar?
Da kukanta nake sanin kana gida.
In ta kai tsakar dare,
na san gobe akwai kuɗin cefane."

Ban amsa ba.
Tsohon gidan wutar yana ƙarƙashin gado,
ban sayar wa ƴan gwangwan ba tukuna.
Yanzu ƙofa a buɗe nake barinta,
ina dukan haruffa da ƙarfi fiye da yadda suke buƙata,
har sai na ji minsharinta.