Tafin Mantau

An ce in zo in duba tsaga.
Ni magini ne, ban san shari'a ba,
amma na san bangon da ke shirin faɗuwa
da wanda gajiya kurum ya yi.

Tsohuwar jastis, bayan bedi uku.
Mai gadi ya murɗa makulli, ya yi tsaki,
ya sa kafaɗa.
Jemagu suka ɗage zama.

Na auna bango: kamu biyu da taƙi.
Marmara a gindi, tubali a bisa,
baranda mai baka bakwai
inda mai ƙara da wanda aka yi ƙara
kan raba inuwa ɗaya, ba sa raba goro.
Tagogi masu haƙarƙarin katako
na shigo da iska, suna hana ido.
Ga ƙugiya can a jikin azara
inda fanka ke lilo,
yaro na jan igiya daga waje,
yana fifita hukuncin da ba ya ji.
Bisa ƙofa an zana sikeli da siminti.
Damina sittin da wani abu
sun cinye faranti guda.

Shekarar da Gulbi ya ci tsohon gari
aka hau tudu da tukwane da awaki,
kumandan ya ja igiya, tituna suka miƙe,
a nan ya kafa sandarsa.
Kowace unguwa ta ba da wuya goma.
Bagalam ta ba da kakana, Mantau.

Wata tara yana ɗaukar dutse da gammo,
dutse ya karɓi rabin yatsansa lada.
Kaka Tsahara kan ce
ko a gado wuyansa bai koma daidai ba.

Ba a yi kaka biyu ba aka kawo shi ciki.
Jakinsa ya kwance da dare,
ya ɓarke buhun gujiyar kamfani.
Alƙali ya yi magana ta hanci.
Mantau ya dubi rufi, ya dubi kusurwa,
ya ce, "Ashe ta zauna.
Ni na ɗora wancan."
Tafinta Ɗan Jimma ya gyara hula
ya juya ya ce: ya amsa laifinsa.

Kwana ashirin a kaso, ɗakin baya.
Ya san tubalin da bai sha kwaɓi ba,
na huɗu daga ƙasa, hannun hagu,
ranar ruwa ya ƙare a tulu.
Kwana ashirin yana kallonsa.
Da aka tambaye shi daga baya
ya ce wa zai rushe abin da ya ɗora?

Tuta ta sauka, wata ta hau.
Alƙalai suka koma masu jin Hausa,
kujerar dai ita ce.
Gonaki, gado, iyakar da ta yi tafiya da dare,
duk sun kwana nan cikin kwali,
gara ta yi musu karatun ƙarshe.
Yanzu shari'a ta tare a gidan gilashi,
nan kuwa ƴan acaɓa ke fakewa in hadari ya taso.

Na bi tsagar da guduma, a hankali,
har ɗakin baya.
Yaɓe ya zubo kamar ɓawon ƙwai.
A ƙarƙashi, cikin busasshiyar laka,
tafin hannu:
yatsu huɗu da rabi.

Na ɗora nawa a kai.
Nawa ya fi tsawo, nasa ya fi faɗi.
Mai gadi na kira daga baranda,
wai mutanen meri na jiran amsa,
a rushe ko a gyara.

Ka ce musu indararo ne ya toshe.
Ka ce tushe lafiya lau.
Su aiko da siminti buhu shida,
da yashi, da tsani.
Tubali na huɗu kuwa
ni zan kawo ruwansa daga gida.