Nuna Mini da Yatsa Ɗaya

Wata uku ina ɗingishi a Panteka,
ƙarfe a kafaɗa, ciwo a kwatangwalo.
Jatau ya ce ƙaba ce, haka tasa ta fara.
Mai shayi ya ce sanyi ne, in bar wankan asuba.
Iya ta ce kaluluwa,
ta bi yatsun ƙafata tana neman gyambo.
Kowa da mudun ciwonsa yake auna nawa.

Ranar Talata na hau keke zuwa asibiti.
Likita Kande ba ta tambayi abin da gari ya ce ba.
Ta ce, "Nuna mini da yatsa ɗaya."
Yatsa ya kasa.
Na damƙe wurin da tafin hannu, gaba da baya.

"Yi tari." Na yi.
Ba abin da ya leƙo a mara.
"Yana sauka bayan cinya har dunduniya, kamar lantarki?"
A'a.
"Yana murɗawa daga kwiɓi? Fitsari da jini?"
A'a.
"Zaman tahiya fa?"
Na yi shiru. Tun azumi nake salla a kan benci.

Sai ta ɗaga gwiwata,
ta juya ta ciki a hankali.
Na kira sunan uwata.

Ta ce, "Gaɓar ce da kanta.
Sauran bayani sai hoto."

Da yamma Jatau ya tare ni bakin rumfa:
"Ƙaba ce ko?"
Na ce ƙaba taka ce.
Nawa bai gama faɗin sunansa ba,
sai Alhamis.