Ba Golmo Ba Ne

Yunana, ajiye takardar shaidarka a kan benci,
zo mu zauna a gindin ɗorawar nan.
Gobe dattawa za su ɗora maka hannu a majami'ar Senchi,
yau dai ara mini kunnenka.

Shekara bakwai na yi golmo a gonar baban Lisabatu.
Na sare daji, na yi huɗa, na yanke dawa,
garma ta ci tafin hannuna har ya koma ƙirgi.
Ran da aka ba ni ita, da ƙarfi na taka ƙasa,
don na san gumina ne ya biya.

Da wannan lissafi na tunkari Ubangiji.
Na ce, kunya nawa zan tayar maka?
Damina nawa, ka karɓe ni?
Bai ko yi ciniki da ni ba.

Ga yadda ya same ni.
Ran kasuwar Dabai ce, na sha burkutu na yi tatil,
ruwa ya kwana yana zuba, rafi ya cika ya batse,
fasto na tsallake, ba hanya,
ga gawar jaririn Damaris cikin tabarma.
Aka duba, aka duba,
aka ce, Gajere, kai ka yi aji uku, tashi.
Na tashi ƙafa na rawa, bakina na tsami.
Abin da ya fito daga bakin nan ba nawa ba ne.
Damaris ta ɗago kai ta dube ni,
ni kuwa na koma bayan rumbu na yi ta kuka.

Kiran ke nan. Ba mafarki, ba tsawa.
Rashin wani ne ya sa aka tuna da ni,
alheri kuma bai ƙyamaci warina ba.

Shekara talatin da ɗaya ina bisa keke.
Ɗakin sujada na zana, mutum shida da akuyar maƙwabta,
albashi tiya biyu ta dawa, in an tuna.
Sannu sannu zana ta zama laka, laka ta zama kwano,
sai zuciya ta raɗa mini, muryarka ce, Gajere.
A damina ta gaba murya ta ɗauke ɗif.
Wata uku ina zaune a bencin baya kamar baƙo,
wani yaro mai in'ina yana karanta nassi,
mutum tara suka nemi baftisma.
Lisabatu ta yi dariya har da riƙe ciki,
ta ce, ashe gonar da mai ita.

To, ka yi karatu, na ji daɗi, karatu fitila ne.
Amma ran da aka yabe ka, tuna ba ka biya ba.
Ran da aka zage ka, ran da benci ya fi mutane yawa,
tuna ba kai ka aiki kanka ba.
Rijiya ta riga ta bayar, ɗana.
Mu guga ne, wani ma da huji.
Kada dai guga ya hana.

Tashi, sauro ya fara.
Keken yana zaure, na bar maka.
Tayar baya tana sace iska,
kada ka fita ba famfo.