Lissafi a Bayan Kwali

Ƙarfe biyun dare a Hull.
Shagon kifin da ke ƙasanmu ya rufe tuntuni,
amma ƙarninsa ya hau bene ya zauna da mu,
shi ne na huɗu a taron.

Nafi'u ya kifa kwalin da muka ci abinci a ciki,
ya tsaga shi biyu da layin biro.
Hagu, abin da muke da shi.
Dama, abin da muke bukata.
Na hagu ya ƙare da wuri.
Na dama ya zarce har inda mai ya ɓata.

Tunanin nawa ne, ba don na fi su kai ba.
Watan jiya na tura fam tamanin
na maganin hawan jinin Inna.
Kuɗin suka bi ta hannu uku,
suka isa Gusau a rame,
suka zama sabuwar taya a babur ɗin ƙanena.
Na ce, me zai hana daga wayata
in biya mai kemis kai tsaye,
ya miƙa mata ƙwayoyin hannu da hannu,
kuɗi kada su kwana a aljihun kowa?

Zuwaira, da ta taso daga aikin gidan tsofaffi
ko shuɗiyar rigar ba ta cire ba,
ta ce: To. Masu kemis nawa ka sani
da ba za su sayar mata da alli ba?
Na ce biyu. Ta ce rubuta ɗaya,
na biyun surukinka ne.

Muka yi dariya. Mita ta yi tsuwa,
wuta saura fam ɗaya da 'yan kwabbai.

Suna kaɗai ya ci mana awa guda.
Nafi'u na son na Turanci,
mai santsi a bakin masu zuba jari.
Zuwaira ta ce sunan da Inna ba za ta iya faɗa ba
ba namu ba ne.
Muka bar gurbin fari fat,
jariri ne, bai kai kwana bakwai ba.

Sai tambayoyi marasa kunya suka shigo ba sallama.
Takardar zamana ta yarda in buɗe kamfani?
Hukuma za ta kira mu banki ko 'yan aike?
In naira ta zame tsakanin Litinin da Laraba,
a kan wa asarar za ta faɗi?
In kuma mun ɓata,
Nafi'u ne ya yi ta maza ya furta,
wa ke da nawa?

Shiru ya ɗan jima.
Zumunta a ƙafa take, mun sani,
amma kaso a takarda yake.
Muka rubuta uku, daidai wa daida,
kowa ya sa hannu a kan maiƙo.

Babu manhaja tukuna, babu ofis, babu tambari.
Akwai fam ɗari shida da arba'in,
da kwamfutar Nafi'u mai zafin kaskon tuya,
da sunaye goma sha ɗaya
na masu tura kuɗin magani gida kamar mu,
daga Ɗanjuma mai tasi
har matar nan 'yar Zariya ta ɗakin awon jini.
Ran Asabar za mu bi su ɗaya-ɗaya,
ba talla ba, tambaya kawai:
kuɗinka na ƙarshe, ina suka sauka?
In bakwai suka ja tsaki irin nawa, mu ci gaba.
In ba haka ba, kwali ne, bola na jiransa.

Asuba ta matso.
Tsuntsayen teku sun fara rigima a kan rufi.
Ƙarfe shida Nafi'u zai ja motar kaya.
Zuwaira ta yi barci a zaune, biro a hannu.
Na jingina kwalin nesa da taga mai yoyo,
sai waya ta yi haske. Inna ce, saƙon murya.
Wai ƙwayoyin saura huɗu,
ta fara raba su biyu da wuƙa.

Na zare biron daga yatsun Zuwaira a hankali.
Can ƙasa, inda mai bai kai ba,
na rubuta lambar mai kemis ɗin nan guda ɗaya.