Rariyar Iska

Zabairu ne ya aiko ta daga Tamanrasat,
cikin kwali, naɗe da tsohon rawani.
Ya ce a ajiye wa Cima a ɗakin kwana,
wai tana zuƙar iska, ta tace, ta mayar.
Na ce, rariyar iska?
In da ranka ka sha kallo.

Ni sana'ata hayaƙi ce.
Hawi, kajiji, farce, sandal,
tun kafin in yi goyon fari nake soya su.
Daga Birni har Zango
ba lefen da ke fita babu ƙamshin hannuna.
Sai ga ƴata ta uku, ƙirjinta ya ƙi.
Tsakar dare ya dinga kuka
kamar kyanwa ta faɗa tulu,
mu hau kabu-kabu sai babban asibiti,
likita ya rubuta, mu sayo abin fesawa,
jaka biyar, kuɗin ruwanmu na wata.

Muka jona ta. Ta buɗe ido shuɗi,
tana gunaguni ƙasa-ƙasa.
Kunyarta ta kama ni.
Baƙuwa fara tas a ɗakina,
da wane ido zan turnuƙe ta?
Na kwashe kasakena zuwa gindin dogon yaro,
gawayi ya koma madafa,
na hana maigida kunna maganin sauro,
muka ɗaura raga.

Cima ta yi barci.
Na tashi sau uku ina kasa kunne,
ban ji kyanwar ba.

Wata uku. Maƙwabta na zuwa gaishe ta.
Iya Yagana har ta tofa mata albarka.

Ran nan wuta ta ɗauke, ta dawo da fushi,
idon ya mutu, gunagunin ya tsaya.
Na goye ta da zane kamar jinjiri,
sai Kasuwar Dole, rumfar Ari mai gyaran rediyo.
Ya kwance bayanta, ya sauya wani ɗan ƙarfe
bai kai ƙwayar gujiya ba.
Sai ya tsaya. Sai ya sa dariya
har tabaransa ya zame.

Ya zaro matacin, ga shi sabo dal,
a cikin ledarsa, liƙe, yadda ya baro masana'anta.
"Wata uku," in ji shi, "tana numfashi da takunkumi.
Ko ƙurar allura ba ta tace muku ba."

Na rasa inda zan sa fuskata.

Ya yage ledar, ya mayar, yana lissafa min:
kar a manna ta da bango, a ba ta kamu guda;
a rufe taga in tana aiki;
ragar waje, busasshen tsumma duk Juma'a;
wuta ta tafi, a zare filogi;
matacin kuwa kar ya ga ruwa.
Na ce, Ari, wa ke da ruwan wanke na'ura a Damagaram?
In idon ya yi ja, a nemo sabo,
direbobin Kano sun san wurin.

A hanya, ina goye da ita tsakanin duwatsu,
na yi ta juya abin a raina.
Ashe ba ita ta kori kyanwar ba.
Abin da likita ya faɗa sau biyar na ƙi ji,
kunyar akwatin roba ta sa na yi.

Ban gaya wa Zabairu ba.
Ledar tana nan ninke a ƙasan kwalla.
Jiya na buɗe bayan na'urar, na duba:
farin matacin ya fara komawa ruwan toka.
Na daɗe tsugune da tsumma a hannu,
Cima na tsakar gida tana tsallen igiya,
tana ƙirga da ƙarfi, ta wuce arba'in.