Taga ta Biyu

Shekara talatin da ɗaya ina ɗora bulo a kan bulo,
daga Rigasa zuwa Kinkinau, daga Mando har Danbushiya.
Hannuna ya san igiyar awo kamar yadda ya san carbi.
Ban taɓa jiran takarda ta faɗa mini inda taga za ta zauna ba.

Sai ranar Laraba, mun kusa kai linta,
ga wata yarinya da hular kwano ruwan ɗorawa,
Injiniya Ladidi, daga hukumar tsara gari.
Ta ware zane a kan buhun siminti, ta danne shi da dutse,
ta ce: Baba, doka ta sauya.
Kowane ɗaki taga biyu, suna kallon juna,
iska ta yi sallama ta nan, ta yi bankwana ta can.
Silin ya ƙara tashi da bulo biyu,
a shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin kwano,
baranda ta miƙo hannu ta yi wa bangon yamma inuwa,
don kada gida ya dogara da fanka kafin ya yi numfashi.

Alhaji Gambo ya ja ni gefe
yana lissafi da yatsa a tafin hannu:
kuɗin gilashi, kuɗin ƙarfe, kuɗin ragar sauro.
Ɗaki shida yake so ya cusa a filin ɗaki huɗu.
Ya ce, iska ai ba ta biyan haya.
Na yi dariya, don shi ke biyana.

Da dare aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi juyi uku ta haƙura,
kwano ya shiga amayar da ranar da ya haɗiya.
Na ja tabarma tsakar gida, kamar kowa a layinmu,
sai Nuhu tela ya faɗo mini a rai.

Ni na gina masa, ciki da falo a Tudun Nufawa,
taga ɗaya, faɗin faranti,
ita ma bangon maƙwabci ya rufe mata ido.
Daren da ya shigo da janareta saboda ɓarayi
ya ja ƙofa ya sa sakata.
Da safe keken ɗinki bai yi magana ba.
Shi, da Asabe, da 'yar da ba a yaye ba.
Muka ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne.
Amma ni na san wanda ya auna tagar.

Na tuna ɗakin kakata a Turunku,
ginin ƙasa, kauri kamu biyu,
da 'yan ramuka can sama kusa da azara.
Tsakar rana ka shiga, ka ce cikin randa ka faɗa.
Ita ba ta taɓa ganin injiniya ba.
Ashe ilimin tsohuwa ne ya tafi makaranta,
ya dawo mana da hular kwano.

Gari na wayewa na ce, Yohanna, miƙo guduma.
Ya dube ni, ya dubi bangon da muka gama jiya.
Bulo tara muka cire, sumul, ko ɗaya bai fashe ba.
Alhaji yana waya yana ɗaga murya,
na ce masa ya cire daga kuɗin aikina.

Sai ga ta daga wajen kogi,
da ƙanshin jiƙaƙƙen yashi da ganyen masara.
Ta ɗauki takardar buhun siminti daga ƙasa,
ta ratsa da ita tsakiyar ɗaki,
ta fita ta ɗaya tagar ba tare da ta waiwayo ba.

Yohanna ya ɓalle maɓallin riga ya tsaya a hanyarta.
Na bar shi ya sha.
Saura ɗaki uku.